Yadda ake tantance roba kafin a kai ta injin niƙa

Kawuna yana da filin sayen roba a Agege, can bayan layin dogo, inda yaran da ke yawon gwangwan suke sauke buhunansu da la'asar. Da na gama karatun sinadarai, kafin in samu aikin koyarwa, a nan nake wuni ina riƙe masa littafin awo. Wata Laraba muka cika mota da gorunan ruwa da na lemo, ta tafi wani kamfani, kafin magariba sai ga ta ta dawo da kayanta. Sun kwance buhu uku, sun tsinci wasu goruna da ba su yarda da su ba, suka ce a mayar. Kuɗin mota zuwa da dawowa, kuɗin masu lodi, da wahalar mako uku, duk suka bi ruwa.

Kawu ya zauna a kan benci ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya dube ni ya ce, "Ɗana, kai ne ka yi bokon nan. Wai roba ba roba ba ce?"

Na ce, "A'a, Kawu. Gero da dawa da masara duk hatsi ne, amma ba a zuba su a buhu ɗaya a kai kasuwa."

Ya ce, "To nuna mana yadda za mu bambance, amma ban da Turanci."

Abin da na nuna musu a kwanakin da suka biyo baya shi zan shimfiɗa a nan, domin 'yan'uwanmu da ke wannan sana'a a Agege, Mile 12, Alaba Rago, Idi-Araba, da waɗanda ke tsince a jujin Olusosun na Ojota da na Solous a Igando. Ba sai da ɗakin gwaji ba. Bokiti, gishiri, man gyaɗa da guntun waya sun isa. Sai dai kafin hannu ya fara aiki, dole kai ya riƙe hoto ɗaya, domin duk matakan a kansa suka tsaya.

Carbi da raga

Kusan kowace roba ƙashin bayanta sinadarin kabon ne, wanda shi ne dai ke cikin gawayi. Ƙwayar zarra ta kabon tana da hannu huɗu, kuma da kowane hannu tana iya kama wata ƙwaya. Irin kamun da take yi shi nake kira ɗaurin tarayya: kowace ƙwaya ta kawo ilektron ɗaya (wani mitsitsin abu mai ɗauke da lantarki da ke cikin kowace ƙwayar zarra), su haɗa biyun su riƙe tare. Kamar maƙwabta biyu ne masu katanga ɗaya a tsakani, katangar ta kowa ce, kuma babu mai matsawa sai an rushe ta. Ɗauri ne mai ƙarfin gaske.

Ɗauki iskar gas da ake kira etilin, wadda ake samu daga ɗanyen mai da gas. Ƙaramin abu ne, kabon 2 da haidirojin 4. Idan aka sa dubbansu suka kama hannun juna a jere, sai a samu dogon carbi. Ƙwayar carbin ɗaya ita ce monoma, carbin gaba ɗaya shi ne polima. Wannan carbin na etilin shi ne polietilin, abin da aka yi ledar fiya-wata da jarkar mai da shi. A Ingila aka fara gano shi a 1933, a kamfanin ICI. Bajamushe Hermann Staudinger ne ya dage tun 1920 cewa roba dogayen sarƙoƙi ce, masana da yawa suka ƙi yarda, sai a 1953 aka ba shi kyautar Nobel a kan haka.

Ga inda maganar take. A cikin carbi ɗaya ɗaurin yana da ƙarfi, amma tsakanin carbi da carbi babu ɗauri, ɗan jan juna ne kawai mai rauni, kamar taliyar da ta cukuikuye a tukunya. Da zafi ya shiga sai carbunan su fara zamewa a kan juna, robar ta narke. Idan ta huce ta sake daskarewa. Man shanu ke nan: a narkar, a daskarar, a sake narkarwa. Wannan ita ce robar da kamfani zai saya ya narkar ya zuba sabon bokiti.

Akwai kuma wata robar da aka gina gadoji a tsakanin carbunanta, da irin ɗaurin nan mai ƙarfi, har ta zama raga guda. Ita kam ba mai zamewa a cikinta. Tukunyar ƙasa ce da aka riga aka gasa, ba ta komawa yumɓu. Ka ƙara wa irin wannan robar wuta sai dai ta ƙone ta yi gawayi. Tayar mota haka take, da farar wuta ake gina mata gadojin, dabarar da Charles Goodyear ya yi wa rajista a Amurka a 1844. Haka ma baƙar robar hannun tukunya da tsofaffin makunnan lantarki, wadda Leo Baekeland ya ƙirƙira a 1907.

Idan ragar ta kai maƙura, babu carbi ko ɗaya sai ɗauri ta ko'ina, to an bar duniyar roba an shiga ta lu'ulu'u (wato daimon) da yashi. Zan dawo kansu, domin su ma suna shigowa cikin buhun ɗan gwangwan, kuma su ne ke cin wuƙaƙen inji.

Kayan da za ka tanada

Safar hannu mai kauri da takunkumi, waɗannan ba a sassauta musu, domin a bola akwai allura da fasasshiyar kwalba. Sai almakashi mai ƙarfi ko wuƙa, filaya, ƙusa mai tsawo, kofunan gilashi uku masu haske, gishirin miya, man gyaɗa rabin kofi, ɗanyen ƙwai ɗaya, ɗan sabulun ruwa, guntun wayar jan ƙarfe mai kauri da aka fere mata riga, da ƙaramin murhun gas mai shuɗiyar wuta. Murhun a sarari za a ajiye shi, nesa da tarin kaya.

Mataki na farko: fitar da duk abin da ba ya narkewa

Zazzage buhun a kan tamfol ko siminti, kada a kan ƙasa. Dalili shi ne yashi. Yashi silika ne, kowace ƙwayar silikon tana riƙe da oksijin 4, kowane oksijin yana riƙe da silikon 2, haka ragar ta miƙe ta kowace fuska ba iyaka. Shi ya sa ba ya narkewa sai wajen digiri 1,700 a ma'aunin Salshiyas, alhali injin roba ko 300 ba ya kaiwa. A ma'aunin tauri na Mohs mai hawa 10, yashi yana hawa na 7, ya ɗara ƙarfen wuƙa na yau da kullum. Duk yashin da ya bi roba cikin injin niƙa, dakushe wuƙaƙe yake yi, ya kuma toshe rariyar injin narkarwa. Masu saye sun san haka, shi ya sa suke rage wa kaya mai ƙasa kuɗi. Ni ban ga laifinsu a nan ba.

Kwalba ma 'yar gidan yashi ce, silika ce da aka haɗa da soda da farar ƙasa aka narkar a tanderu mai zafin wajen digiri 1,500. Tana da nata masu saye, a ware mata buhunta. Fasassun tangaran da tayil kuwa a fitar da su gaba ɗaya.

Za ka riƙa cin karo da baƙin sanda a cikin fasasshen batirin tocila, da ɗan baƙin dunƙule a cikin motar injin markaɗe ko na huda bango. Girafait ne ko kabon mai kama da shi, ɗan'uwan abin da ke cikin fensir. Abin mamaki, shi da lu'ulu'u duk kabon ne tsantsa. A lu'ulu'u kowace ƙwaya ta kama huɗu, ragar ta ɗaure ta ko'ina, shi ya sa yake hawa na 10 a tauri, kuma da ɓarɓashinsa ake yi wa faifan yankan tayil baki. A girafait kowace ƙwaya uku ta kama, sai ragar ta zama shimfiɗa-shimfiɗa kamar tabarmi da aka ɗora kan juna, kowace tabarma da ƙarfinta amma suna zamewa a tsakani. Wannan zamewar ce ke barin rubutu a takarda. Ilektron na huɗu da bai samu abokin ɗauri ba shi ke yawo, shi ya sa girafait ke ɗaukar lantarki, lu'ulu'u ba ya ɗauka. Dukansu ba sa narkewa sai zafi ya haura digiri 3,500. Ga mai roba, girafait datti ne, baƙinsa kaɗai ya isa ya ɓata farin kaya. Batirin kuma kada a fasa shi a cikin fili.

Sai robar raga: taya, hannun tukunya, farantan melamin da matanmu ke jerawa, busasshen gam mai bututu biyu, jikin kwale-kwalen faiba irin na bakin lagun, da soson katifa. Wasu suna da kasuwarsu, soso da taya ana sayensu daban, amma ba su shiga buhun narkarwa. Idan ka yi shakka, kama ƙusa da filaya, gasa bakinta a wuta, ka danna a gefen abin na ɗan lokaci kaɗan. Idan ƙusar ta nutse, gefen ramin ya tattaru ya yi laushi, carbi ne, a ajiye. Idan ta tsaya ta bar baƙin tabo kawai, raga ce, a ware. Ka tsaya ta inda iska ke kaɗa hayaƙin ya bar ka.

Mataki na biyu: juya gindin abin ka karanta lamba

Tun 1988 masana'antun roba a Amurka suka fito da lambobi 1 zuwa 7 a cikin ɗan alwatika, duniya ta bi. Yaron da bai iya karatu ba ma zai haddace su a yini ɗaya.

Lamba 1 ita ce PET, gorunan ruwa da na lemo. Lamba 2 HDPE, jarkoki, robar man shafawa, ta bilic, da akasarin akwatunan lemo. Lamba 3 PVC, bututun ruwa, rigar wayar lantarki, silin roba, ledar tsakar ɗaki. Lamba 4 LDPE, leda mai laushi. Lamba 5 PP, kujeru, bokitai da yawa, buhunan shinkafa da na siminti, tabarmar roba. Lamba 6 PS, kofuna da cokula masu karyewa, da farar robar kumfa ta zuba abinci, wadda gwamnatin jihar Legas ta haramta a watan Janairun 2024. Lamba 7 kuwa tarkace ce, duk abin da bai shiga shidan ba, misali faifan CD da yawancin manyan gorunan injin ruwan ofis.

Lamba 2 da 4 monomarsu ɗaya ce, etilin. Bambancin a siffar carbin yake. Na lamba 2 miƙaƙƙe ne, carbunan suna kwanciya daf da juna kamar karan da aka ɗaure, sai robar ta yi tauri da nauyi. Na lamba 4 yana da rassa ta ko'ina kamar ƙayar shinge, ba ya jeruwa, sai robar ta yi laushi. Shi ya sa ta 4 ke narkewa wajen digiri 110, ta 2 wajen 130. PP tana kaiwa wajen 165, PET sai wajen 250. Duba tazarar nan da kyau. Zafin da zai narkar da PET ya riga ya wahalar da sauran, zafin da ya dace da leda kuma zai bar PET a matsayin tsakuwa a cikin kunu. Ko da sun narke tare ma, carbunan ba sa gauraya, kamar mai da ruwa, kuma abin da aka zuba da su zai riƙa tsagewa.

Matsalar ita ce kaya da yawa da ake yi a nan gida ba su da lamba, wasu kuma gutsure ne kawai ya zo hannunka. Daga nan sai ido da hannu.

Mataki na uku: ido, farce da kunne

Ga goruna, duba gindi. Goran PET yana da ɗigo ɗaya a tsakiya kamar cibiya, inda aka fara zuba shi kafin a hura. Goran HDPE da na PVC dogon layi suke da shi, kamar ɗinki. To goran da yake garau kamar gilashi amma layi ne a gindinsa ba cibiya ba, ka ajiye shi gefe, abin tuhuma ne. Irinsu ne suka dawo mana da mota. Ka lanƙwasa shi: PVC yakan bar farin tabo a wurin lanƙwasar, PET ba ya yawan yin haka.

Ja farce a kan robar. Polietilin yana da santsi kamar kyandir kuma farce yana yi masa zane. PP ta fi tauri, farce ba ya kama ta sosai, kuma za ka iya lanƙwasa siririn yankinta sau da yawa ba ta karye ba, shi ya sa ake yin marfin da ke manne da jikinsa da ita. Jefa yanki a kan siminti ka saurara. PS ƙara take yi kamar ta ƙarfe, ƙwal, kuma ta tsage kamar gilashi. Polietilin ƙararsa a dushe take. Leda kuma ka ja ta: mai miƙewa a hankali ba hayaniya lamba 4 ce, mai ƙaras-ƙaras sirirya irin ta 'yan kasuwa galibi lamba 2 ce. Ledar biskit da ta taliya mai sheƙin azurfa a ciki hawa-hawa ce ta abubuwa daban-daban, kada ka zuba ta cikin ledar fiya-wata.

Masu saye sukan ƙara raba kaya gida biyu, robar da aka hura kamar jarka da wadda aka zuba a mazubi kamar bokiti. Ba son wahalar da kai suke yi ba. Ta hurawa carbinta ya fi tsawo, idan ta narke kauri take yi kamar tuwo, ta zubi kuwa kamar koko take gudu. Ko lambarsu ɗaya, buhunsu biyu.

Mataki na huɗu: kofuna uku

Wannan shi ne gwajin da ya fi burge Kawu, domin gani ya kori ji. Lita ɗaya ta ruwa kilo 1 ce. Da za a cika lita da zallar roba ba iska, PP za ta yi wajen kilo 0.90, LDPE 0.92, HDPE 0.95, PS 1.05, PET 1.38, PVC mai tauri wajen 1.4. Abin da bai kai nauyin ruwa ba zai taso, wanda ya fi shi zai nutse.

Yanko ɗan yanki kamar farcen babban yatsa, shimfiɗaɗɗe, ba mai rami ba, ka wanke shi. Kada ka jefa gora sukutum, iskar cikinsa za ta ruɗe ka.

Kofi na farko ruwa ne da ɗigon sabulu ɗaya. Amfanin sabulun shi ne hana kumfa mannewa a jikin robar. Danna yankin ƙasa da tsinke, ka juya shi, ka saki. Idan ya taso, lamba 2 ce ko 4 ko 5. Idan ya zauna a ƙasa, 1 ce ko 3 ko 6 ko wata daga cikin 7.

Kofi na biyu man gyaɗa ne, na waɗanda suka taso. Nauyin man wajen 0.91 zuwa 0.92 ne, ya faɗa daidai tsakanin PP da HDPE. Goge yankin ya bushe, ka tura shi tsakiyar man, ka ba shi minti biyu ko uku domin mai ba ya gaggawa. PP za ta hau sama a hankali, HDPE za ta sauka. LDPE takan yi jinkiri a tsakiya, amma ita laushinta ya riga ya tona ta.

Kofi na uku ruwan gishiri ne, na waɗanda suka nutse. Zuba gishiri giram 300 a lita ɗaya, ka dama har ya narke. In babu sikeli, saka ɗanyen ƙwai ka yi ta ƙara gishiri har ƙwan ya taso sosai ya leƙo. A wannan ruwan PS za ta taso, haka ma robar jikin talabijin da kwamfuta irin wadda ke fitowa daga Alaba da kasuwar kwamfuta ta Ikeja. PET da PVC za su ci gaba da zama a ƙasa.

Abubuwa biyu za su iya yaudarar ka. Masu yin kujeru da bokitai masu araha sukan cuɗa garin alli a cikin PP domin rage tsada, sai nauyinta ya ƙaru ta nutse a ruwa. Idan ka karya irin wannan za ka ga bakin karayar fari-fari ba sheƙi. PP ce, amma kada ka haɗa ta da mai kyau. Na biyu, duk robar kumfa tasowa take yi ko wace iri ce, domin yawancinta iska ce.

Mataki na biyar: farautar PVC

A nan zan daɗe, domin a nan asarar take. PET da PVC duk suna nutsewa, nauyinsu kusan ɗaya, kuma duk suna iya zama garau. Ko babban tankin ruwa na kamfani ba ya raba su. A carbin PVC, kowace ƙwaya tana ɗauke da kulorin, har kusan kashi 57 cikin ɗari na nauyin zallar PVC kulorin ne. Tun kafin zafi ya kai digiri 200 take fara ruɓewa tana sakin iskar asid, haidirojin kulorayid. PET kuwa sai an wuce 250 ake sarrafa ta. Ke nan duk PVC da ta shiga injin PET ƙonewa za ta yi, asid ɗin ya yayyanke carbunan PET, ya sa kayan su yi rawaya da baƙaƙen ɗige-ɗige, ya kuma ci ƙarfen inji. Wake ɗaya ke ɓata gari. Goruna ƙalilan sun isa su lalata tan guda.

Ga gwajin, wanda masana ke kira da sunan Beilstein, masanin da ya fito da shi. Kama wayar jan ƙarfe da filaya, sa bakinta a shuɗiyar wutar gas har ya yi ja kuma wutar ta daina canza launi. Ciro ta ka taɓa robar, ɗan kaɗan ya manne, kamar ƙwayar gero. Mayar da ita cikin wutar. Da farko za ka ga wuta rawaya tana cin robar. Jira. Idan bayan nan koren harshe ya tashi, akwai kulorin, PVC ce. Idan babu kore, ba ita ba ce. Da yamma ko a inuwa launin ya fi fitowa. Kafin gwaji na gaba, ƙona wayar har koren ya ɓace. Kada ka taɓa bakin wayar da hannu mai gumi, kada kuma ka gwada yankin da ya fito daga ruwan gishiri ba ka ɗauraye ba, domin gishiri ma kulorin gare shi.

Ba kowane gora za ka gwada ba. Gwada ɗaya daga kowane irin da ka yi shakka, in ya nuna kore ka haddace siffarsa, ka nuna wa yara. Ka gwada har da rigar da ke lulluɓe wasu gorunan daga wuya zuwa gindi, da yawansu PVC ne ko wata roba da ba a so a cikin PET. A yanke ta da reza a cire.

PVC ba abin zubarwa ba ce, masu yin bututu da takalma suna saye. Gidanta dai daban.

Tunda muna kan PVC, bari in roƙi 'yan'uwa abu ɗaya tsakani da Allah. A daina ƙona waya domin ciro jan ƙarfe. Hayaƙin nan mai yaji da ke sa hawaye da tari asid ɗin da na ambata ne, yana haɗuwa da damshin huhu ya ƙona shi. Tare da shi akwai dayoksin, guba mai taruwa a kitsen jiki shekara da shekaru, wadda aka tabbatar tana jawo ciwon daji. Na ga yara 'yan shekara 15 a tsaye cikin wannan hayaƙi da tsumma a hanci, tsumma ba ya tare shi. Kafa wuƙa a jikin katako, ka ja wayar ta ƙarƙashinta, rigar za ta tsage. Jan ƙarfen zai fito da sheƙinsa, wanda ya fi ƙonanne daraja, rigar ma ka sayar da ita.

Mataki na shida: marfi, launi, wanki da shanya

Cire marfin kowane goran PET. Marfin HDPE ne ko PP, kasuwarsa daban, a tara shi a buhu guda. Zubar da sauran ruwa ko lemo. Raba launi: fari garau gefe, mai shuɗi-shuɗi kusa da shi, kore daban, ruwan ƙasa daban. Farin ya fi tsada domin ana iya rina shi kowane launi, mai launi kuwa ba ya komawa fari. Goran da aka zuba manja ko baƙin mai a ciki a ware shi. Jarkar maganin ƙwari ko na feshin gona kada ta shiga ko'ina, robar takan tsotsi gubar, wanki ba ya fitar da ita duka.

Shanya ba ƙaramin abu ba ce a garin da damina ke daɗewa kamar Legas. Lokacin da ake haɗa carbin PET, a kowane ɗauri ana fitar da ƙaramar ƙwaya, ruwa a hanyar da aka fi bi. Idan aka narkar da PET da damshi a jiki, ruwan yakan koma ya kwance ɗaurin, carbin ya gajarce, zaren da za a yi da shi ya riƙa tsinkewa. Kamfanoni suna da na'urar busarwa, amma jiƙaƙƙen kaya za su zaftare maka kilo a kansa. Masu jiƙa buhu da gangan domin ya yi nauyi kuwa, ban da haramcin abin, sau ɗaya ake yi musu ciniki.

Amma kada shanya ta zama ajiya a rana. Hasken rana yana tsinka carbi sannu a hankali. Kujerar da ta shekara a tsakar gida, wadda ta koɗe take fitar da gari idan ka kankare ta, ta riga ta tsufa, carbunanta sun guntule. Gwada ta da lanƙwasa: in ta karye ƙaras kamar busasshen kara, kada ka zuba ta cikin kaya masu kyau. Buhunan PP ma haka suke rududdugewa a rana. Kwana ɗaya ko biyu na shanya ya isa, sai a rufe da tamfol, a ɗora a kan katako ko tsofaffin tayoyi domin ruwan ƙasa.

Ka tuna da wa kake gasa. Kamfanin Indorama da ke Eleme a jihar Ribas yana yin sabon polietilin da PP, matatar Dangote ta Ibeju-Lekki ma ta fara fitar da PP a 2025. Mai masana'anta yana da zaɓi. Abin da zai sa ya karɓi naka shi ne araha tare da tabbacin cewa abin da ka rubuta a buhu shi ne a ciki.

Mataki na ƙarshe: buhu, alama da allon samfuri

Taka gorunan su lotse kafin zubawa, mota za ta ɗauki ninki. Rubuta lambar roba a jikin kowane buhu da fenti ko babban alƙalami, ta fuska biyu. Kafin lodi, zaɓi buhu biyu ko uku ba tare da dubawa ba, ka zazzage, ka bincika kamar kai ne mai sayen. Kafin ka ɗauki mota kuma, kai ɗan samfuri wurin kamfanin ka tambaye su abin da suke karɓa da abin da ba sa karɓa, domin wani yana son takarda a jikin gora, wani sai an cire.

Sannan ka samo falle na katako ka kafe shi a bango kusa da sikeli. Buga samfuri ɗaya na kowace roba da ka riga ka tabbatar da gwaji, ka rubuta lambarta a ƙasa da boko da ajami. A gefe guda, da jan fenti, jera duk gorunan da suka ba da koriyar wuta. Duk sabon yaron da ya zo aiki, a tsayar da shi a gaban allon ya taɓa kowanne, ya ja farce, ya jefa a ƙasa ya ji ƙara, kafin a ba shi buhu. Duk lokacin da wani sabon gora ya shigo kasuwa, a yanko gefensa a bi da shi kofuna ukun nan da waya, sannan a buga shi a inda ya dace.